Tafinta Tsakanin Lamba da Kunne: Masu Haɗa Na'urar DAC da Hannunsu

Kwalin da ake aiko kayan a ciki bai fi kwalin sabulu girma ba. Idan aka buɗe shi ba a tarar da na'ura. Abin da ke ciki shi ne wani koren allo mai faɗin tafin hannu, cike da ƙananan huji da layukan tagulla, sai 'yan ledoji ɗauke da ƙwayoyin kayan lantarki, wasu kamar ƙwayar shinkafa, wasu ba su kai ƙwayar riɗi ba. Wani lokaci akwai takardar bayani, wani lokaci babu komai sai zanen da aka buga a jikin allon. Wanda ya sa kuɗinsa ya sayi wannan tarkace ya san zai cinye masa Asabar biyu ko uku, ya san zai ƙona yatsa, ya kuma san cewa a kasuwa akwai irin na'urar a haɗe, wadda ta fi araha, mai yiwuwa ma ta fi tasa aiki. Duk da haka, daga Japan zuwa Jamus da Amurka da Chana, akwai mutanen da suka mayar da wannan wahala abin shaƙatawarsu, kuma cinikin intanet ya sa kwalin yana iya isa Gwarimpa ko Kubwa kamar yadda yake isa Osaka.

A taƙaice ana kiran na'urar DAC. Aikinta guda ne: ta karɓi lambobi ta mayar da su wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda lasifika za ta iya mayarwa sauti. Tafinta ce tsakanin kwamfuta, wadda ba ta jin kowane harshe sai lissafi, da kunnen ɗan Adam, wanda bai san lissafi ba. Hadimin da ke sauraron saƙon muryar maigidansa a WhatsApp, da jami'in da ke halartar taro ta Zoom daga Sakatariyar Tarayya, da direban da ya jona wayarsa a rediyon mota, duk ta bakin wannan tafinta suke ji. Tana cikin kowace wayar hannu da kwamfuta da talabijin, ba wanda yake tunawa da ita. Lokacin da kamfanin Apple ya cire ramin abin sauraro daga iPhone 7 a 2016, cikin ɗan guntun kebul ɗin da yake sayarwa dala 9 ya cusa ta.

Yadda kiɗa ke zama lissafi

Sauti girgizar iska ne. Idan makaɗi ya buga kalangu, fatar takan tura iskar da ke gabanta ta kuma janye, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, wannan turi da ja shi ne ke isa dodon kunne. Makirufo yana mayar da girgizar ta zama lantarki mai hawa da sauka daidai da ita. A zamanin faifan garmaho da kaset, wannan hawa da saukar ake ajiyewa kai tsaye, ko a ramin faifai ko a maganaɗisun zaren kaset, shi ya sa duk kaset ɗin da aka kwafa daga wani yakan fi na asali dushewa.

A 1937 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alec Reeves, wanda ke aiki a birnin Paris, ya zo da wata dabara: maimakon a aika girgizar kanta, a riƙa auna tsayinta a kai a kai, a aika lambobin awon. Lamba ba ta dushewa. Bakwai bakwai ce ko an kwafe ta sau dubu. Kayan aikin zamaninsa ba su iya ɗaukar dabarar cikin sauƙi ba, sai da ta jira shekaru. Amma lissafin da ke ƙarƙashinta ya kafu ta hannun Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a ƙarshen shekarun 1940, dukansu na ɗakin binciken Bell a Amurka. Abin da lissafin ya nuna shi ne, idan saurin awon ya haura ninki biyu na girgiza mafi sauri da ke cikin sautin, za a iya dawo da sautin cikakke, ba ƙirƙira ba kintace. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Ke nan awo sama da 40,000 a daƙiƙa ya wadatar.

A kan wannan ne Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan suka gina faifan CD. Sun daidaita a 1980, sannan Sony ya fitar da na'urarsa ta farko, CDP-101, a watan Oktoban 1982. Ma'aunin da suka tsayar shi ne awo 44,100 a daƙiƙa ga kowane kunne, kowane awo kuma a rubuta shi da bit 16, wato matakai 65,536 tsakanin ƙasa da sama. Adadin 44,100 ba daga ilimin kunne ya fito ba. A lokacin babu abin da zai iya ɗaukar lambobi masu yawa haka sai kaset ɗin bidiyo, sai aka riƙa cusa awo uku a kowane layi na hoton talabijin: layi 294, sau 50 a daƙiƙa, sau uku, ya ba da 44,100. Na'urar bidiyon ta daɗe da shiga tarihi, amma adadin yana nan a cikin wayar kowa.

Akwai wani ɗan rikici a wancan zama wanda har yau masu wannan sha'awa suke cin gadonsa. Philips ya shirya ne a kan bit 14, har ya riga ya ƙera ƙwayar da za ta yi aikin, TDA1540. Sony ya dage a kan 16, ya kuma yi nasara. Maimakon su watsar da abin da suka ƙera, injiniyoyin Philips sai suka sa wata matatar lissafi a gabansa, wadda ke ninka yawan awon sau huɗu ta kuma ture kurakuran zuwa sama, inda kunne ba ya kaiwa. Dabarar ta fita da su kunya, daga baya kuma ta zama hanyar da kusan kowa ke bi.

Mudu da cokali

Hanyoyi biyu ne manya na mayar da lamba lantarki, kuma wanda zai sayi kayan haɗi dole ya zaɓi ɗaya.

Ta farko ita ce tsani. Ana jera resistoci, waɗannan ƙananan ƙwayoyi masu tauye gudun lantarki, iri biyu kacal, ɗaya ninkin ɗaya, ta yadda kowane mataki yake ba da rabin abin da na samansa ya bayar. Kamar mai awon hatsi ne da yake da mudu da rabin mudu da kwata, har zuwa ƙaramin ma'auni na goma sha shida. Kowace lamba ta zo, sai ya zaɓi ma'aunan da za su cika ta ya zuba lokaci guda. Tsarin yana da sauƙin fahimta, har a ƙarshen shekarun 1980 an sayar da wata 'yar na'ura mai suna Covox Speech Thing wadda kusan tsanin resistoci ce zalla da ake jonawa a ramin firinta, matasa da dama kuma suka kwaikwaye ta a gida. Matsalar tana wajen daidaito. Kafin tsani ya cika bit 16 na gaskiya, babban ma'auninsa bai kamata ya kauce da fiye da kashi ɗaya cikin 65,536 ba. A buhu mai kilo 100, kuskuren giram ɗaya da rabi ke nan. Resistar da ake samu a kasuwa, mai lamunin kashi ɗaya cikin ɗari, tana iya kaucewa da kilo guda cur a wannan buhu. Saboda haka allunan tsani na kirki, irin wanda kamfanin Soekris na ƙasar Denmak ya yi suna da shi, suke da tsada: resistocinsu na musamman ne, an kuma jera ɗaruruwansu da inji.

Hanya ta biyu, wadda ake kira delta-sigma, ta ajiye jerin ma'aunai ta ɗauki cokali. Matakanta kaɗan ne, amma tana zubawa sau miliyoyi a daƙiƙa, tana lura da inda ta zarce ko ta gaza tana gyarawa a zubi na gaba, sannan a tace abin da ya fito. Saurin ya maye gurbin daidaiton ma'auni, kuma sauri abu ne mai araha a masana'antar zamani. Kusan duk wayoyi da kwamfutoci ita suke amfani da ita. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan ƙwayoyi, waɗanda masu gyara ke kira ai-si, ba su da yawa: Texas Instruments, wanda ya sayi Burr-Brown a 2000, Cirrus Logic, wanda ya haɗiye Wolfson na Sikotilan a 2014, ESS, sai AKM na Japan. Ƙarancin nasu ya bayyana a Oktoban 2020, lokacin da gobara ta shafe kwanaki tana ci a masana'antar AKM da ke Nobeoka. Farashi ya tashi, kamfanonin kayan sauti da dama suka koma sake zana na'urorinsu a kan ai-sin wasu, masu haɗi a gida kuwa suka koma sahun baya.

Ga mai farawa, ai-sin PCM5102A na Texas Instruments yana cikin waɗanda suka fi sauƙin hali. Bolt 3.3 kawai yake ci, yana fitar da sauti mai ƙarfin da za a jona kai tsaye a amfilifaya, kuma wayoyi uku suka ishe shi karɓar lambobi, bisa tsarin I2S da Philips ya shimfiɗa a 1986: ɗaya ta lambobin, ɗaya ta bugun agogo, ɗaya mai faɗin ko na kunnen hagu ne ko na dama. Mutane da yawa suna ɗora shi a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi su mayar da ita ma'ajiyar waƙoƙin gida.

Gadon Heathkit

Sayar da na'ura a warwatse domin mai saye ya haɗa da kansa tsohuwar sana'a ce. Kamfanin Heath da ke jihar Michigan ya fara a 1947 da wata na'urar duba siffar lantarki da ya harhaɗa daga rarar kayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana sayarwa dala 39.50. Daga nan ya shiga rediyo da amfilifaya da talabijin mai launi har da kwamfuta. Littattafan bayaninsa sun shahara, domin ba umarni kawai suke bayarwa ba, suna bayyana dalilin kowane mataki. Steve Jobs, wanda ya kafa Apple tare da abokinsa, ya faɗa cewa haɗa kayan Heathkit yana yaro shi ya cire masa jin cewa na'ura wani abin sihiri ne, ya gane mutane ne suka yi ta.

A wancan zamani akwai riba a cikin aikin. Da hannu ake haɗa kayan lantarki a masana'anta, ladan ma'aikaci kuma babban kaso ne na farashi, don haka wanda ya yi aikin da kansa ya rage kuɗi. Injin da ke jera dubban ƙwayoyi cikin sa'a guda ya juya lissafin, har ta kai ƙirga kayan da zuba su a leda da rubuta bayani ya fi haɗa su tsada. Heath ya daina sayar da kayan haɗi a 1992. Duk wanda ya shiga harkar a yau da niyyar yin tsimi, musamman bayan faɗuwar da naira ta yi tun Yunin 2023, ya ɓata hanya tun daga bakin ƙofa. Abin da ake saye ilimi ne, da 'yancin sauya abin da ba a so, da iya gyara na'urar ranar da ta lalace.

Kambi na gaskiya da na bogi

Babu ai-sin da ya tara masoya kamar TDA1541 na Philips, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, da ƙaninsa TDA1541A. Baƙi ne dogo mai ƙafa 28, yana buƙatar wuta iri uku da kafasitoci 14 a gefensa, kuma yana amfani da wata dabara ta injiniyan Philips Rudy van de Plassche, inda ake jujjuya ma'aunan cikinsa da sauri domin kuskuren wannan ya shafe na wancan. Philips yakan gwada su, waɗanda suka fi daidaito ya buga masu hoton kambi ɗaya ko biyu. An daina ƙera shi kafin shekarar 2000. Abin da ya rage a duniya shi ne wanda ke cikin tsofaffin na'urorin CD na Philips da Marantz da wasunsu, sai wanda ya kwana a rumbuna.

Inda aka sami abu mai ƙarewa da masu son sa ko nawa ne, ɗan damfara ba ya nisa. Ana goge rubutun ai-si na gama-gari a buga masa kambi; ana ciro matacce daga bola a wanke shi a miƙe masa ƙafafu a sayar a matsayin sabo. Haka ake yi wa kafasitoci masu suna da ƙananan ai-sin ƙara sauti. Mai saye daga nesa ba ya ganewa sai bayan ya liƙa. A nan wanda ke zaune a ƙasar da ake jibge tsofaffin kayan lantarkin Turai yana da 'yar dama, domin tsohuwar na'urar CD da idonta ya mutu, irin wadda ake iya cin karo da ita a cikin kayan gwanjon Alaba a Legas, ai-sin cikinta na iya zama lafiya lau, kuma ba wanda ya taɓa shi tun daga masana'anta.

Wanda ya ƙara wa tsofaffin ai-si daraja wani ɗan Japan ne, Ryohei Kusunoki, da ya rubuta a mujallar MJ a 1996 cewa matatar lissafin nan mai ninka awo ita ce ke ɓata daɗin CD, a cire ta gaba ɗaya. Ra'ayin ya bazu, musamman da yake yana sauƙaƙa aiki: da TDA1543, mai ƙafa takwas da wuta iri ɗaya, da resistoci kaɗan, mutum ya gama na'ura cikin yini guda. Ma'auni dai bai goyi bayansa ba. Idan aka cire matatar, sauti mafi tsini yana raguwa da kusan desibel 3 a girgiza 20,000, sannan wasu inuwoyin sauti suna fitowa a saman 22,050 su wuce cikin amfilifaya. Masu son tsarin suna cewa ya fi laushi a kunne. Mai yiwuwa ne laushin da suke ji shi ne wannan raguwa, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ta, muddin bai kira ta gaskiyar abin da aka naɗa ba.

Teburin aiki a Abuja

Kayan aikin ba su da yawa: ƙarfen liƙi mai daidaita zafi, zaren liƙi, mita, hantsaki, gilashin ƙara girma, da fitila mai haske. Zaren liƙi na gargajiya gamin kuza ne da dalma, kashi 63 da 37, yana narkewa a digiri 183. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarkin da ake sayarwa, aka koma gamin da ba ya narkewa sai wajen digiri 217, wanda ya fi wuyar sarrafawa ga sabon hannu. Yawancin masu haɗi a gida suna nan a kan mai dalma. Ba sai an yi wa ɗan Najeriya dogon bayani a kan dalma ba bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe yara aƙalla 400. A teburin liƙi ba ta hayaƙi take shiga jiki ba, ta hannu ne zuwa baki, don haka ba a cin goro ko gyaɗa a wurin, ana wanke hannu da sabulu, ba a barin yara su yi wasa da ɓurɓushin. Hayaƙin kuwa na ƙaron da ke cikin zaren ne, shi ma yana iya jawo asma, sai a buɗe taga.

Ƙa'idar liƙi ɗaya ce, kuma ita kowa ke karyawa a ranar farko: ana ɗumama ƙafar ƙwayar da tagullar allon ne tare, sannan a kawo zaren ya narke a kansu, ba a narka shi a bakin ƙarfe a ɗiga ba. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa. Ana farawa da gajerun ƙwayoyi a ƙare da dogaye. Wahalar tana wajen ai-sin zamani, domin tsakanin ƙafa da ƙafa a PCM5102A bai kai milimita ɗaya ba, ɗigo guda ya haɗe biyu ko uku. Masu sayar da kayan haɗi da yawa sukan liƙa shi tun daga can. Idan ba su yi ba, maganin yana Banex a Wuse 2, ko Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, inda matasa masu gyaran waya suke ɗaga ai-sin da ya fi wannan ƙanƙanta sau da yawa a yini da bututun iska mai zafi. Mataimakin daraktan da ya iya ajiye girmansa ya zauna a bencin ɗayansu na sa'a guda zai koyi abin da bidiyo goma ba za su koya masa ba, kuma ya kamata ya biya kuɗin karatun.

Akwai abubuwa biyu da takardar bayanin da aka rubuta a Turai ko Chana ba za ta yi gargaɗi a kansu ba. Na farko hunturu. Bushewar iska tana sa lantarki ya taru a jikin mutum, shi ne ɗan tartsatsin da ake ji idan aka taɓa ƙofar mota a watan Janairu. Wanda bai kai a ji shi ba ma ya isa ya kashe ai-si, ko ya raunana shi ya mutu bayan wata guda. Ana barin ƙwayar a ledarta sai lokacin liƙi, ana kama allo ta gefe, ana kuma ɗaura abin wuyan hannu mai sauke lantarki.

Na biyu wutar kanta. Ta Najeriya bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 ce mai juyawa sau 60. Taransifomar da aka yi wa Amurka, idan ba mai hanya biyu ba ce, hayaƙi za ta yi. Ko an dace da wannan, wutar da ke hawa da sauka, da janaretan da saurinsa ke sauyawa, da inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi, duk suna iya shiga sauti. Gunjin ƙasa-ƙasa mai girgiza 50 yawanci daga taransifoma ne da ta yi kusa da wayoyin sauti, ko daga na'urori biyu da suka sami hanyar ƙasa ta wurare daban-daban; zizar da ta fi shi tsini, mai girgiza 100, alama ce ta cewa kafasitocin tace wuta sun gaza. Kebul ɗin haske na TOSLINK, wanda Toshiba ya fito da shi a 1983, yana yanke matsala ta biyu daga tushe, tunda babu ƙarfe tsakanin na'urorin. Mai farawa dai gara ya nisanci wutar bango ɗungurungum, ya zaɓi kayan da ke aiki da batir ko USB. Bolt 230 tana kisa, manyan kafasitoci kuma suna riƙe wuta bayan an zare soket.

Ta fuskar shigo da kaya an sami sauƙi: tun Satumban 2025 Hukumar Kwastam ta yafe haraji a kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, kuma yawancin kayan haɗin masu farawa ba su kusa da wannan iyaka.

Shin ana jin bambancin?

A nan ne abokai ke ɓatawa. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES. Sun riƙa kunna wa mutane faifai masu ma'auni sama da na CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an ratsa da sautin ta ma'aunin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne ba. A gwaji 554 an canka daidai sau 276, wato daidai da jefa kwabo. An soki tsarin gwajin, kuma a 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya gano cewa akwai bambancin da ake iya ji, amma ɗan kaɗan ne, canka daidai ya ɗan haura kashi 52 cikin ɗari, ya fi haka ga waɗanda aka horar. Ko ta wane ɓangare aka duba, tazarar ba ta kai yadda 'yan talla ke zuzutawa ba.

Wani injiniya da bai taɓa bayyana sunansa ba, wanda aka sani da laƙabin NwAvGuy, ya tayar da ƙura a kan haka a 2011. Ya riƙa auna kayan sauti masu tsada yana nuna inda suka gaza, sannan ya zana amfilifayar abin sauraro mai suna O2 daga kaya masu araha, ya saki zanen kowa ya haɗa. A 2012 ya biyo da ODAC, ya ce a gwajin rufe ido ba a bambanta ta da wadda ta ninka ta kuɗi sau da yawa ba. Daga tsakiyar wannan shekara ba a sake jin ɗuriyarsa ba, zanen nasa kuwa an ci gaba da haɗawa ana sayarwa.

Wanda ya kwana uku yana liƙi ba alƙali ba ne a kan abin da ya haɗa. Kunnensa zai ji abin da zuciyarsa take so. Gwajin adalci yana buƙatar a daidaita ƙarfin na'urorin biyu da mita, domin wadda ta ɗara da ɗan kaɗan kullum ita ake cewa ta fi daɗi, sannan wani ya riƙa sauyawa a bayan labule. Akwai kuma shekaru: ji na sama yana raguwa da girma, ta yadda a lokacin da ma'aikaci ya kai matakin albashin da zai iya sayen kayan tsada, sautin da ake gardama a kansa ya riga ya fita daga kunnensa. Abin da ya rage masa ya fi cancantar tsaro; Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na sa'a 40 a mako.

Tafinta kuma ba ya faɗin abin da ba a gaya masa ba. Yawancin waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da ke yawo a wayoyi daga kaset aka kwaso su, aka matse su zuwa MP3, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. CD yana ɗauke da bit 1,411,200 a daƙiƙa. MP3 na gama-gari yana ɗauke da 128,000. Na'ura mai kyau ba za ta dawo da abin da aka zubar ba, sai dai ta fito da shuwar kaset ɗin da kyau. Inda bambanci yake a fili shi ne idan abin da ake gudu ramin sautin kwamfutar ofis ce mai ƙara duk lokacin da aka motsa linzami, ko talabijin mai siririyar murya. A nan ko allo mafi araha yana kawo sauyin da ba sai an rufe ido ba. Bayan wannan, lasifika da ɗakin da aka ajiye ta sun fi kowane ai-si tasiri.

Ranar kunnawa ta farko tana da tsarinta. Kafin a kawo wuta, ana duba kowace kafasita mai fuska biyu, domin wadda aka juya takan kumbura ta fashe. Ana sa mita tsakanin layin wuta da na ƙasa a tabbatar ba su haɗe ba. Idan ai-sin mai zama a gurbi ne, ana kunna allon ba tare da shi ba a auna kowace wuta tukuna. Sannan a kashe, a dasa shi, a duba alamar ƙafa ta ɗaya sau biyu, a sake kunnawa da yatsa a kusa da makunni, hanci kuma a buɗe. Ba a jona abin sauraro mai tsada ko a sa shi a kunne. Tsohuwar lasifikar da ba a jin asararta ake fara sawa, murya a ƙasa. Sau da yawa abin da ke biyo baya shiru ne, ko shuwa kamar ta ruwan sama a kwano. Shuwar yawanci tana nufin an musanya biyu daga cikin wayoyin I2S uku. Shirun kuwa, a allunan PCM5102A, galibi wata ƙafa ce mai suna XSMT da aka bari ba a jona ta da wuta ba, kuma muddin tana haka ai-sin ba zai buɗe baki ba.